Tsohon akwatin gem ya ƙi tashi, ko fitila ba ya kawowa: ta ina zan fara?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Taimakon manya nake nema. Na samu tsohon akwatin gem irin na tsaye, wanda ake jefa wa sulalla, mai sikirin na kwalba irin na tsohon talabijin. Fanel ɗin da ke ciki, wato allon lantarkin da ke ɗauke da wasan, na Street Fighter II ne, akwai sunan Capcom a jikinsa. Wanda ya ba ni ya ce lafiya lau aka kashe shi aka ajiye, kuma an daɗe ba a waiwaye shi ba. Na share ƙura, na jona, na danna makunni, shiru. Fitilar sama ba ta kawo ba, sikirin bai motsa ba, lasifika ko tari ba ta yi ba. Ina da mita ta dijital amma iyakata da ita auna batir. Wani ya ce mini fanel ɗin ne ya mutu, in nemi wani. Haka ne?

Baba Rediyo: Wa alaikumus salam. Yaro, kada ka sayi komai tukuna. Wanda ya ce maka fanel ne bai saurari bayaninka ba. Fitilar sama ba ruwanta da fanel, kai tsaye take shan wutar bango. Ko ka cire fanel ɗin gaba ɗaya ka ajiye a gefe, ya kamata fitilar nan ta kama, sikirin ma ya yi ɗan ƙaransa. Tunda komai ya yi tsit a lokaci guda, wutar ce ba ta shiga akwatin ba. Bin ta za ka yi kamar mai bin kwata yana neman inda ta toshe: soket, filogi, igiyar wuta, fis, matatar wuta, makunni, makunnin ƙofa, taransifoma, sannan sauran. Fara faɗa mini, ƙofar bayan a buɗe take lokacin da ka gwada?

Sabon Hannu: A buɗe take, Baba, don in ga abin da ke faruwa a ciki. Amma da farko a rufe na gwada, shi ma shiru.

Baba Rediyo: To, duba gefen da ƙofar ke zama. Za ka ga wani makunni mai ɗan farin tsinke da ƙofar ke dannewa idan an rufe. An sa shi ne don ya yanke wuta da zarar an buɗe baya. Wasu akwatunan suna da na biyu a ƙofar sulalla. Yawancinsu idan ka jawo tsinken waje yana tsayawa a kunne, don mai gyara ya yi aiki ƙofa a buɗe. Amma duk wannan ka yi shi filogi a cire. Sa mita a wurin da take yin ƙara idan bakunanta biyu suka haɗu, ka gwada makunnin a danne da kuma a jawo.

Ɗan Zamani: Ni dai shawarata ka huta da wahala. Cire kwalbar nan da tarkacen wayoyin, ka sa sikirin na zamani da fanel mai wasanni da yawa a ciki, sabon akwatin wuta, shi ke nan. Yini ɗaya ka gama. Kayan da suka haura shekara talatin, yau ka gyara nan gobe can ya ɓalle.

Yaya Mai Dalma: Ɗan Zamani, ko sabon sikirin ya sa, ta wace hanya wuta za ta kai gare shi? Ai ta wannan igiyar da wannan fis ɗin dai. Bari a gano matsalar tukuna, muhawarar sikirin ta jira.

Sabon Hannu, kafin ka sake jonawa ka duba abu ɗaya mai muhimmanci: wutar da aka shirya akwatin ya sha. Na Amurka 120 ne, na Japan 100, na Turai 220 zuwa 240. Akwai takarda a bayan akwatin ko a jikin taransifoma. Akwatin wutar fanel ma, wato wanda ke rage wutar ya ba fanel, yakan zo da ɗan makunni ko waya ta zaɓi tsakanin 110 da 220. Idan ba su dace da wutar da kake da ita ba, jonawa ɗaya ta isa ta yi ɓarna.

Sabon Hannu: Na duba, Yaya. Takardar taransifoma ta dace da wutar gidanmu, kuma wayar da ke shiga akwatin wutar fanel daga ɓangaren 110 na taransifoman take, makunninsa ma yana kan 110. Igiya lafiya, babban makunni lafiya, makunnin ƙofa ma yana ƙara a mita. Fis kuwa na ɗaga shi a haske, zarensa yana nan bai tsinke ba.

Injiniya Bolt Biyar: Ido ba ya auna fis. Cire shi daga mazauninsa ka ɗora masa mita baki da baki. Sau da yawa yakan yanke ta can cikin hular ƙarfen, inda ba a gani. Ka duba mazaunin ma, ko ya yi tsatsa ko bakinsa ya saki.

Sabon Hannu: Ikon Allah. Mita ba ta yi ƙara ba. Ya mutu ke nan. Ina da wani fis a gida, amma lambarsa ta fi wannan girma. In sa?

Ɗan Zamani: Sa kawai ka gani, gwaji ne ai.

Baba Rediyo: A'a. Kada ka sa. Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace ƙona kaya, kuma ina roƙon 'yan zaure a daina ba da ita. Fis ba ya mutuwa don ra'ayin kansa sai nadiran. Yawanci wani abu ne ya ja wutar da ta wuce ƙima, shi kuma ya yanke don ya ceci sauran. Idan ka sa wanda ya fi shi ƙarfi, abin da ya kashe na farkon yana nan, sai dai yanzu waya ce ko taransifoma za su ɗauki zafin, a cikin akwatin katako busasshe mai cike da ƙura. Karanta abin da aka rubuta a hular tsohon da kuma takardar da ke kusa da mazaunin. Amfiya ɗaya, nau'i ɗaya. Idan ka ga harafin T kafin lambar, mai jinkirin yankewa ne, F kuma mai saurin yankewa. Akwatuna masu kwalba galibi mai jinkiri suke so, saboda a daƙiƙar farko ta kunnawa sikirin yana fizgar wuta da yawa.

Kuma kafin ka ƙona sabon, haɗa fitilar gwaji. Kwan fitila irin na da, mai zare, wat 60 ko 100, ka sa shi a jere a kan layin wuta mai rai, yadda duk wutar da za ta shiga akwatin sai ta ratsa ta cikinsa. Idan akwai inda wuta ta haɗe, kwan zai haska sosai ya tsaya a haka, kuma babu abin da zai ƙone. Idan lafiya, zai yi walƙiya sau ɗaya ya dusashe. Kwan zamani ba ya wannan aikin. Idan ba ka saba haɗa wayar bango ba, ka sa mai aikin lantarki ya haɗa maka a cikin akwatin roba, kada a bar tsirarar waya.

Shugaban Zaure: Na goyi bayan Baba. Duk wanda ya ba da shawarar naɗe fis da waya ko takardar gwangwani, za a goge saƙonsa.

Sabon Hannu: An haɗa mini fitilar, na samo fis daidai da tsohon. Da na kunna, kwan ya haska fes, bai dusashe ba.

Injiniya Bolt Biyar: Madalla, yanzu mun san akwai haɗewa, saura a ina. Cire filogi. Zare filogin wutar sikirin, zare wayoyin da ke shiga akwatin wutar fanel ka naɗe bakinsu, zare na fitilar sama. Kunna. Idan kwan ya dusashe, ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kana cire filogi kowane karo, har ka ga wanda ya sa shi haske. Idan bai dusashe ba duk da ka zare su, to matsalar tana gaba da su, sai ka raba taransifoma shi ma.

Sabon Hannu: Na zare duka ukun, yana nan da haskensa. Na raba taransifoma, har yanzu. Abin da ya rage a layin sai wani ɗan gwangwani mai kusurwa huɗu da wayoyi ke shiga su fita. Gefensa ya ɗan kumbura, wani abu baƙi kamar kwalta ya tsattsafo, yana wari.

Yaya Mai Dalma: Ka kama ɓarawon. Matatar wuta ce, aikinta hana hayaniyar lantarki shiga ko fita ta layin bango. Akwai kafasita a cikinta da ke tsaye tsakanin layukan biyu. Tsofaffin idan suka sha danshi a ajiya sukan tsage, ranar da aka sake ba su wuta sai su haɗe, wani lokaci har da hayaƙi. Wannan ya bayyana yadda aka ajiye shi lafiya amma ya ƙi tashi. Ka sa sabuwa mai amfiya daidai ko sama da ta tsohuwar, ka lura da gefen shiga da gefen fita, kuma ka mayar da wayar ƙasa inda take.

Mai Leƙe: Ba za a iya tsallake ta kawai a haɗa wayoyin ba? Na ga ana yi.

Yaya Mai Dalma: Don gwaji na ɗan lokaci, da fitilar a layi, zai yi aiki. Amma ban yarda a bar shi haka ba. Abu ne mai sauƙin samu, kuma akwatin wutar fanel yana watsa hayaniya a layi, ita ce ke tare ta.

Sabon Hannu: Alhamdu lillahi, an ci gaba. Na sa sabuwar matata. Kwan gwaji ya yi walƙiya ya dusashe, sai na cire shi na jona kai tsaye. Fitilar sama ta yi ƙifce-ƙifce ta kama. Na ji sikirin ya yi wani "ɓum" a hankali, sai siririn ƙara, kuma gashin hannuna yana miƙewa idan na kai kusa da gilashin. A wuyan kwalbar ta baya akwai ɗan haske ja-ja kamar garwashi. Sai dai sikirin baƙi ƙirin, babu hoto. Wani lokaci wasu layuka masu launi su gilma su ɓace.

Baba Rediyo: Ka kawo bayani mai kyau, haka ake so. Wannan "ɓum" ɗin wayar goge maganaɗisu ce da ke zagaye da kwalbar. Siririn ƙaran kuwa na layin kwance ne, kusan sau 15,700 a daƙiƙa, masu ƙuruciya ne ke jin sa sosai. Miƙewar gashi na nufin babbar wuta ta hau. Hasken wuya na nufin zaren ɗumama yana aiki. Ke nan sikirin ɗinka yana da rai. Yanzu a raba gardama tsakanin sikirin da fanel. Buɗe ƙofar sulalla, ka taɓa ɗan siririn ƙarfen da sulalla ke bugawa, ka danna maɓallin farawa, ka saurara. Idan ka ji kiɗa da ihun 'yan dambe alhali babu hoto, fanel yana aiki, laifin na sikirin ne ko wayar hoto. Idan shiru, sai mu koma kan fanel da wutarsa.

Sabon Hannu: Shiru, Baba. Sai ɗan "ƙyas" a lasifika jefi-jefi.

Ɗan Zamani: Ai na faɗa. Fanel ya tafi. Ko kuma batirin nan ne na Capcom da idan ya mutu wasan ke mutuwa.

Injiniya Bolt Biyar: Ka haɗa abu biyu. Wanda ya yi suna da wannan shi ne tsarin fanel na Capcom mai suna CPS-2, wanda ya fito a 1993 da Super Street Fighter II. A can batir ne ke riƙe da mabuɗin da ke warware shirin wasan, idan ya ƙare mabuɗin ya goge. Shi ma yanzu an san yadda ake mayar masa. Street Fighter II na 1991 a kan CPS-1 yake, hawa uku: babban fanel a ƙasa, na tsakiya mai ɗauke da ROM (inda shirin wasan yake ajiye), da ƙarami a sama. Wasu wasannin CPS-1 suna da batir a kan ƙaramin, to ya duba, idan babu batir a wurin an rufe wannan maganar. Inda batir ya fi yin ɓarna ta wata fuskar shi ne fanel ɗin Neo Geo na kamfanin SNK, can yoyo yake yi ya cinye layukan tagulla na kusa da shi.

Zato zunubi ne, a auna. Sabon Hannu, sa mita a wutar DC, ma'aunin 20. A jikin akwatin wutar fanel akwai jerin sukurori da rubutu: +5, GND, -5, +12, sai biyu na AC. Ka yi hattara da na AC ɗin, suna kusa. Baƙin baki a GND, wato ƙasa, ja a +5. Rubuta. Sannan +12. Bayan haka ka je kan fanel ɗin kansa, yana jone yana kunne, ka sami ɗan aisi (baƙar ƙwayar lantarki mai ƙafafu gefe biyu) mai ƙafa 14 wanda lambarsa ta fara da 74LS. Ƙafa ta 7 ita ce ƙasa, ta 14 ita ce bolt 5. Idan mai ƙafa 16 ne, 8 da 16. Ana fara ƙirga daga gefen ɗan yankan da ke kansa, a zagaya saɓanin tafiyar agogo. Ka dafa hannunka da kyau kada bakin mita ya zame ya haɗa ƙafa biyu.

Sabon Hannu: Babu batir a ƙaramin fanel. A akwatin wuta: 5.12 da 12.3. A kan aisi: 4.41.

Ɗan Zamani: To ai da sauƙi. Akwai ɗan abin murɗawa a jikin akwatin wutar. Murɗa shi sama har aisi ya nuna 5.

Mai Leƙe: Ni ma haka na sani. An sa abin murɗawar ne don wannan.

Injiniya Bolt Biyar: An sa shi ne don cike ɗan gibi, kamar 0.1 ko 0.2 da dogon waya ke ci. Nan gibin 0.7 ne. Tambayar ita ce, ina 0.7 ɗin nan ya tafi? Bai ɓace ba, zafi ya zama a wani wuri. A ce fanel yana jan amfiya 3, kuma akwai wani mahaɗi da ya yi datti har ya kai om 0.2. Wannan kaɗai zai cinye bolt 0.6, ya riƙa fitar da zafin kusan wat 2 a kan wuri ƙanƙani. Zafin ya ƙara ƙona wurin, ƙunar ta ƙara juriya, haka abin ke ta ci gaba. Idan ka murɗa akwatin wuta ya kai 5.8 don ka samu 5.1 a fanel, wasan zai tashi, ban musa ba. Amma ranar da wani ya girgiza akwatin mahaɗin ya zauna daidai, 5.8 ɗin nan gaba ɗaya za ta sauka a kan fanel. Aisi irin 74LS an yi su ne su yi aiki tsakanin 4.75 da 5.25. Su ana samun madadinsu. Amma a kan CPS-1 akwai manyan aisi na musamman da Capcom ta yi wa kanta, irin CPS-A-01 da ke babban fanel, waɗanda ba a ƙera su yanzu, sai dai a ciro daga wani fanel.

Shi ya sa ba na son a taɓa abin murɗawar nan sai an gyara hanya.

Baba Rediyo: Injiniya ya gama magana. Wannan ciwon ya girmi JAMMA ma, wato tsarin babban mahaɗin da ke bakin fanel ɗinka. Masu gyaran Pac-Man na 1980 sun san yadda bakin fanel ɗinsa ke ƙonewa a ƙafafun wuta. A akwatunan Atari na farkon shekarun 1980 kuma akwai fanel ɗin wuta mai layin da ke jiyo ƙarfin wutar da ta isa fanel ɗin wasa. Idan mahaɗi ya yi datti, sai ya riƙa ƙara wuta da kansa don ya cike, har rezistoci biyu na om 10 da ke kan layin su ƙone. Wato abin da ake ce maka ka yi da hannu, can na'ura ce ke yi, kuma an ga ƙarshensa.

Yaro, kashe, cire filogi, ka zare babban mahaɗin da ke bakin fanel. Kafin ka zare ka yi masa alama a gefen sama. Ƙafa 56 gare shi, 28 kowane gefe, tsarin da kamfanonin Japan suka amince da shi a tsakiyar shekarun 1980 don kowane fanel ya shiga kowane akwati. Ƙafa ta 1 da ta 2 ƙasa ne, 3 da 4 bolt 5, ta 5 ita ce -5, ta 6 bolt 12, ta 7 gurbi ne na ɗan maɓallin da ke hana a juya shi. Haska tocila a cikin bakin ka faɗa mana abin da ka gani.

Sabon Hannu: Ga hoto na ɗora. Robar mahaɗin ta yi ruwan ƙasa ta narke kaɗan a daidai ƙafa ta 3 da ta 4. Ƙarafan ciki na wurin sun kwanta, ba su miƙe kamar sauran ba. A kan fanel ɗin ma yatsun wurin sun yi baƙi, amma ba su ɓare ba. Kuma wayar bolt 5 guda ɗaya ce siririya, an murɗa ta da wata an naɗe da salatif.

Yaya Mai Dalma: Gani ya kori ji. Yatsun fanel ka goge su da abin goge fensir a hankali, sannan auduga da sifirit mai ƙarfi. Kada ka sa sanfefa, za ka cinye rufin da ke kansu. Kada kuma ka lafta musu dalma da yawa, domin kaurin zai buɗe bakin sabon mahaɗi ya lalata shi. Shi kuwa mahaɗin ba a gyara shi. Ƙarfen da ya sha zafi ya rasa ƙarfin matsewa, ko ka tanƙwaro shi da allura zai sake kwanciya. Canja shi. Wayoyin bolt 5 da na ƙasa su zama masu kauri, lamba 18, kuma ka yi amfani da duk ƙafafun da aka ware musu, gaba da baya, har da ƙasa na 27 da 28. Waccan murɗaɗɗiyar wayar ka fitar da ita gaba ɗaya, waya ɗaya miƙaƙƙiya daga akwatin wuta zuwa mahaɗi.

Tunda fanel yana hannunka, ka raba hawa ukun a hankali, kana ɗagawa daidai ta kowane gefe, ka duba ko akwai ƙafar da ta lanƙwashe, ka mayar ka danna su zauna. ROM ɗin da ke cikin soket ma ka danna kowanne da babban yatsa, fanel yana kwance a kan abu mai laushi. Ka fara taɓa ƙarfe mai haɗe da ƙasa kafin ka taɓa shi.

Ɗan Zamani: Duk wannan aikin, kuma ƙila a gama a tarar fanel ɗin dama matacce ne.

Injiniya Bolt Biyar: Mai yiwuwa ne. Idan wuta ta daidaita bai tashi ba, akwai mataki na gaba: a duba ko kwakwalwarsa, 68000, tana samun bugun agogo a ƙafa ta 15, da kuma ko ƙafa ta 18, wadda ke ba ta damar fara aiki, ta saki ko tana riƙe a ƙasa. Amma ba a yanke wa fanel hukunci a kan bolt 4.4. Ko lafiyayye ne ba zai tashi a haka ba.

Sabon Hannu: 'Yan zaure, ya tashi! Na canja mahaɗi da wayoyi. Akwatin wuta 5.12, kan aisi 5.03, ban taɓa abin murɗawa ba. Rubutu ya fito, sai kiɗa, har na zabura. Allah ya saka da alheri. Saura abu uku: hoton yana da duhu kuma yana ɗan rawa a gefe, saman yana naɗewa, sannan maɓallan shuri uku na ƙasa ba sa aiki ga 'yan wasa biyun.

Mai Leƙe: Barka! Maɓallan shuri ba lalacewa suka yi ba. JAMMA maɓalli uku ya tanadar wa kowane ɗan wasa, shi kuma wannan wasan shida yake so. Na naushi suna bi ta babban mahaɗi, na shuri kuma suna da ƙaramar igiyarsu daban da ke shiga fanel. Duba ko ka manta ba ka mayar da ita ba, ko wayar ƙasa da ke bin maɓallan ɗaya bayan ɗaya ta zare a wani wuri.

Ɗan Zamani: Barka, na ji daɗi da ya tashi. Amma ga maganata ta dawo. Sikirin ya gaji. Kuma kowa a nan ya san kwalba tana da haɗari, ga nauyi. Sabon shiga ne fa. Me ya sa za a tura shi cikin wutar da ta haura bolt 20,000 alhali akwai hanya mai sauƙi? Wannan ba gardama nake yi don gardama ba, lafiyarsa nake dubawa.

Baba Rediyo: A nan kana da gaskiya rabi, kuma ba zan raina ta ba. Haɗarin gaske ne. Kwalba tana riƙe caji bayan an kashe, babbar kafasitar shasi, wato allon lantarkin sikirin, ma haka, kuma wuyan kwalbar gilashi ne siriri, idan ya fashe iska ce ke rufta ciki da ƙarfi. Ƙari a kan haka, yawancin waɗannan sikirin ɗin dole sai ta taransifoman rabewa, wanda ke raba su da layin bango, suke shan wuta. Duk wanda ya jona su a bango kai tsaye zai ƙona shasi, ƙarfen jikin kuma ya ɗauki wuta.

Inda muka rabu shi ne magani. Alamomin da ya lissafa, duhu, rawa, naɗewar sama, galibi na kafasitoci ne da suka bushe, da dalmar da ta tsage a ƙafafun mahaɗai da na filaibak, taransifoman da ke ba kwalba babbar wuta. Aiki ne sananne. Shasi irin Wells-Gardner K7000 ko Electrohome G07 har jerin kafasitocinsu ake sayarwa a ƙulle guda. Kuma an zana wasan nan ne don kwalba, ɗigo 384 a kwance, 224 a tsaye. Sikirin na zamani galibi ba ya karɓar wannan siginar sai an sa na'urar juyawa a tsakani, masu arha kuma suna kawo ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsi. A wasan da ake cin nasara da ƙiftawar ido, ana jin wannan a hannu. Sannan an daina ƙera kwalaben nan, duk wadda aka jefar ta tafi ke nan.

Don haka ni ban ce ya sa hannu ba. Ya nemi tsohon mai gyaran talabijin, ya tsaya kusa da shi ya ga yadda ake sauke cajin kwalba kafin a cire shasi: filogi a cire, waya daga sukundireba zuwa ƙarfen jikin sikirin, hannu ɗaya a baya, a zura a ƙarƙashin robar nan mai kama da kofi, a jira kaɗan a maimaita. Abu ne da ake koya a gaban wanda ya iya, ba daga rubutu ba.

Ɗan Zamani: Idan da mai gyara a kusa, na yarda. Idan babu, ina nan a kan bakata. Amma ko ya canja, kada ya jefar da kwalbar, ya ba wanda zai yi amfani da ita.

Yaya Mai Dalma: A kan wannan mun haɗu. Sabon Hannu, kafin mai gyara ya zo, ɗauki hoton takardar da ke jikin shasi da lambar da ke jikin kwalbar, daga nesa, ba tare da ka taɓa komai ba, don a san jerin kafasitocin da za a nema. Ka ce masa ya auna babbar wutar shasi bayan ya gama, ya daidaita ta da abin da littafin wannan shasin ya ce. Kuma kada ka bar shi a kunne na dogon lokaci a wannan halin, kafasitar da ta bushe tana wahalar da taransistan layin kwance da filaibak.

Sabon Hannu: Na gode, Yaya. Igiyar shuri ce ban mayar ba, na same ta tana lilo a bayan fanel, yanzu duk shida suna aiki. Akwai wani dattijo mai gyaran talabijin da ya ce zai duba mini shasin. Tambaya ta ƙarshe: akwatin wutar fanel shi ma tsoho ne, in canja shi tun yanzu ko in bar shi?

Injiniya Bolt Biyar: Ka gwada shi tukuna. Bar mita a kan aisi, wasan yana gudana, ka duba yana sanyi, ka sake dubawa bayan ya yi ɗumi. Idan lambar ta tsaya cik, ka bar shi. Idan tana hawa da sauka, ko kana jin yana ƙyas-ƙyas, ko ka hango kafasita mai kumburarren kai ta cikin ramukan murfin, canja shi. Idan za ka sa sabo, ka tabbata yana da -5 ko da wannan fanel bai dame shi ba, domin wasu, irin Mortal Kombat, sautinsu ba ya fita daidai sai da ita. Ka fara murɗa sabon ƙasa-ƙasa kafin ka jona fanel, sannan ka ɗaga a hankali kana kallon mita a kan aisi har ta kai 5.0 zuwa 5.1. Bayan an yi wasa na ɗan lokaci ka kashe, ka taɓa sabon mahaɗin a daidai ƙafa ta 3 da ta 4. Idan da ɗumi sosai, ka dawo ka faɗa mana.